Ƙwayoyin da Ban Ba Abbanku Ba

Ummi, Sadiq, wannan ne babin da na daɗe ina kewayewa. Na rubuta muku yadda muka baro Kano, da ɗakinmu na farko a Deptford, nan ƙasar Turawa, wanda ruwa ke tsattsafowa ta bangonsa, da haihuwarku. Duk waɗannan alƙalami ya bi su a guje. Da na iso shekarar da aka sa wa Abbanku inji a ƙirji, sai na rufe littafin, na yi wata huɗu ban buɗe ba. Yanzu idona ya fara rauni, abin da ke cikina kuwa ba irin wanda ake shiga kabari da shi ba ne. Ku karanta har ƙarshe kafin ɗayanku ya ɗaga waya ya kira ni.

Kun san Abbanku direban bas ne, ya fi shekara ashirin yana bin titunan Woolwich da Catford. Abin da ba ku gani sosai ba shi ne yadda ciwon ya cinye shi, domin ke Ummi kina can wurin aikinki, kai kuma Sadiq kana wani gari, kuma shi mutum ne mai gyara zama idan ya ji motsinku a ƙofa. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Matakalar flat ɗinmu na saman bene, wadda a da yake hawa da buhun shinkafa a kafaɗa, ta koma sai ya huta sau uku kafin ya kai ƙofa. Sallah ta koma a zaune. Likitoci suka ce zuciyar ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, kuma magani ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Abin da ya rage shi ne dashen wata zuciyar, amma layin yana da tsawo, shi kuwa ba shi da ƙarfin jira. Sai suka ce za su dasa masa ɗan famfo a jikin zuciyar, ya riƙa taya ta aiki har Allah ya kawo rabonsa.

Aka yi aikin, ya tashi. Ya dawo gida da waya ta fito ta gefen cikinsa, tana haɗe da wata na'ura da batura biyu da yake rataye da su a jaka. Idan na kama hannunsa ba na jin bugun jini, in kuwa na kara kunnena a ƙirjinsa sai in ji wani gurnani siriri kamar na firji. Da farko abin ya ba ni tsoro, daga baya ya zama sautin da na fi so a duniya. Cikin wata uku mutumin da ba ya iya ɗaura igiyar takalmi ya koma yana takawa har kasuwar Woolwich ya zaɓo mana doya. Yakan yi dariya ya ce ya tuƙa inji rabin rayuwarsa, yanzu inji ke tuƙa shi.

Nas ɗin da aka haɗa mu da ita wata 'yar Ghana ce, Sista Adiza, mai Hausar zango, wadda kowa a bakinta namiji ne. Kafin a sallame mu ta zaunar da ni, ba shi ba, domin ta gane ni ce mai riƙe da gidan.

"Hajiya, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Jini in ya gamu da ƙarfe, so yake ya daskare. In ya yi gudaji a cikin famfon nan, gudajin zai iya tashi ya tafi ƙwaƙwalwa, rabin jiki ya shanye. Shi ya sa ƙwayar nan ta tsinka jini, kullum, lokaci ɗaya. In ta yi yawa zai zubar da jini, in ta yi kaɗan zai daskare. Kai da ni za mu tsare shi a tsakiya. Kome ka gani, ka kira ni. Kar ka tsayar da magani da kanka."

Ta koya mini wanke wurin wayar, da lura da hawan jininsa, da yadda zan tsaga masa yatsa in ɗiga jini a 'yar na'urar gwaji, in karanta lambar, in tura mata ta waya duk mako. Lambar tana tsakanin biyu da uku, lafiya. Ta kuma ce in yi hankali da ganye, ba wai ya daina ci ba, amma kada a canza masa abinci kwatsam, domin ganye mai yawa yana rage ƙarfin ƙwayar. Na riƙe wannan aiki kamar sallah. Ƙarfe shida na yamma, ko baƙi ne cike da falo, sai na tashi na kawo masa ƙwayoyinsa a ɗan kofi. Shi bai taɓa duba abin da ke ciki ba. Yakan juye su a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya kora da ruwa. Wata goma sha ɗaya ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ina faɗa muku wannan ba don in wanke kaina ba, sai don ku san da idona biyu na yi abin da na yi.

A wata na tara jini ya ɓalle masa a ciki. Ya riƙa yin baƙin bayan gida, ya yi fari fat, ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Kwana goma sha shida muka yi a asibiti, ana ƙara masa jini, ana zura masa kyamara ta baki ana neman inda yake yoyo. Na ga Abbanku yana kuka a karon farko, ba don zafi ba, don gajiya. Ranar da muka fito ya tsaya a bakin ƙofar asibitin ya ce mini ya gwammace kome da ya sake kwanciya a gadon nan. Ni ma abin da na gani a banɗakin bai bar idona ba. Tun daga ranar, duk lokacin da na ɗauki ƙwayar nan sai in ji kamar wuƙa nake miƙa masa.

Bayan wata biyu aka sa ranar aurenki, Ummi. Gwaggonku Larai, yayar Abbanku da ta goya shi a bayanta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta zo daga Kano don bikin, zuwanta na farko ƙasar nan. Ta sauka da jaka cike da kuka da daddawa da busasshen zogale. Da ta ga ƙaninta rataye da batura sai ta zauna a ƙasa ta yi ta hawaye, daga nan ta tashi ta shiga kicin, domin ita a wurinta duk wata ƙauna a tukunya take. Ta yi masa kwaɗon zogale da ƙuli, ya ci har yana lumshe ido. Na ce mata an ce a yi hankali da ganye.

"To, 'yar'uwa, sai in rage," ta ce. "Cokali biyu ai ba zai kashe ɗan Kano ba."

Ta kuwa rage. Sau uku kacal ta yi masa a duk zamanta, kuma ɗan kaɗan. Ku riƙe wannan.

Saura kwana tara ɗaurin aure, wata Alhamis da la'asar, haɓo ya ɓarke masa. Muna falo ni da shi, Gwaggonku ta tafi ganin ɗinki tare da ke, Ummi. Jini ya riƙa zuba ta hanci kamar an buɗe famfo, ya jiƙa tawul ɗaya, ya jiƙa na biyu, ya ɓata gaban rigarsa. Na matse masa hanci na kusan rabin awa kafin ya lafa. Na ɗauki waya zan kira Sista Adiza, sai ya riƙe mini hannu.

"Maman Ummi, don Allah. In kin kira, kwantar da ni za su yi. 'Yata ɗaya mace. So nake in zauna a masallaci in ji an ɗaura da kunnena."

"To in ya dawo fa?"

"Ki ɗaga mini ƙwayar nan ta yau kawai. Yau ɗaya. Gobe mu ci gaba."

Na ajiye wayar. Na wanke tawul ɗin kafin ku dawo. Da shida ta yi na kawo masa kofin ba tare da ita ba. Wannan ranar da saninsa ne, kuma da a nan abin ya tsaya, wataƙila da ban rubuta wannan babin ba. Washegari da shida na tsaya a kicin, ƙwayar tana tafin hannuna, na leƙa na gan shi yana gwada babbar rigar da zai sa ranar, fara sol, yana neman yadda jakar batir za ta ɓuya a ƙarƙashinta. Sai na ga jini a gaban rigar nan, a raina. Na naɗe ƙwayar a tishu na cusa ta cikin tsohon gwangwanin shayi, na kai masa sauran. Ya juye, ya yi bisimilla, ya haɗiye. Bai sani ba. Na ce wa kaina gobe. Goben ta zo, hancinsa a bushe, fuskarsa ta yi kyau, yana raha da baƙi, sai na ce ga shi nan ai ya fi lafiya ba ita. Na ce bari a wuce biki, kwana nawa ne. Ranar Litinin ranar gwaji ce. Na tsaga yatsarsa, na ga lambar ta faɗo ƙasa da biyu sosai, na juya na'urar don kada ya gani. Na rubuta wa Sista Adiza lambar makon da ya wuce. Ta amsa da cewa madalla, ta yi mana fatan alheri a biki. Ƙwaya biyar ce ta taru a gwangwanin nan, da ta Alhamis shida ke nan.

Ranar Laraba da azahar, saura kwana uku, muna cin abinci ni da shi da Gwaggonku. Yana ba ta labarin wani fasinja da ya taɓa mantuwa da akuyar roba a bas ɗinsa, yana cikin magana sai kalmomin suka narke a bakinsa. Na ɗauka wasa yake. Cokalin ya suɓuce daga hannun damansa, gefen bakinsa ya zube, ya dube ni da ido ɗaya mai cike da tambaya. Gwaggonku ta yi salati ta tare shi kafin ya kife. Ni kuwa na san abin da ya faru tun kafin in taɓa waya. Na san sunansa, na san hanyar da ya biyo, na san wadda ta buɗe masa ƙofa.

A asibiti, bayan sun yi hoton kansa, wani likita ya kira mu ɗan ƙaramin ɗaki. Ke Ummi kina nan da lallen biki a hannunki, Sadiq yana hanya, Gwaggonku tana gefe ba ta jin Turanci. Likitan ya ce gudaji ne ya toshe jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma sun auna jininsa sun ga ya yi kauri fiye da yadda ya kamata. Ya tambaye ni, cikin ladabi, ko akwai ranar da ya tsallake maganinsa. Na ce babu. Kalmar ta fita da kanta, ban ma ji nauyinta ba. Ya ce to ko an canza masa abinci a 'yan kwanakin nan, ko wani ganye, ko maganin gargajiya? Sai kika juya kika dubi Gwaggonki. Kika gaya masa zogale. Ya ce yana iya yiwuwa hakan ya taimaka, ba zai iya tabbatarwa ba. Ke ba ki ji rabin maganar na biyu ba.

A barandar asibitin kika tsaya a gabanta, kika haɗa Hausarki da ba ta cika fita ba.

"Gwaggo, ke kika yi wannan. An ce miki kar ki ba shi. Mama ta gaya miki. You killed him, kin kashe mini Abba da ganyenki."

Ba ta fahimci Turancin ba, amma ta fahimci sauran. Ta dube ni. Ba zai wuce ƙiftawar ido uku ba, wannan kallon, amma ina cikinsa har yau. Abin da ake bukata a wurina kalma huɗu ce, in ce ba ita ba ce. Na sunkuyar da kai ina gyara mayafi. Sai ta ce, a hankali:

"Allah ya ba shi lafiya. Allah ya huci zuciyarki, Ummi."

Kai Sadiq, da ka iso ka ji labari daga bakin 'yar'uwarka, ba ka yi faɗa ba, ka dai yi mata booking ɗin jirgi na ranar Lahadi, ka ce gara ta tafi kafin abin ya yi muni. Ba a bar ta ta shiga ta yi masa sallama ba. Ni na raka ta filin jirgi, tafiyar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa. Sista Adiza kuwa ta same ni a bakin ɗakinsa, ta tambaye ni lambar Litinin, ta ce abin ya ɗaure mata kai yadda ta faɗi haka cikin kwana biyu. Na ce ni ma. Ta daɗe tana kallona, sannan ta dafa kafaɗata ta wuce. Ban sake iya haɗa ido da ita ba.

Sauran kun sani. An ɗaga auren, aka ɗaura bayan wata biyu ba tare da shi a masallaci ba. Aka cire sunansa daga layin masu jiran zuciya, domin jikinsa ba zai ɗauki aikin ba. Abin da aka sa famfon dominsa ya tafi ke nan, ya rage inji yana ta juyawa a ƙirjin mutumin da ba inda za shi. Ya dawo gida a keken marasa lafiya, council, wato ƙaramar hukuma, suka sauya mana gida zuwa na ƙasa. Wata goma sha huɗu ya yi. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, magana ta tafi, ba abin da ya rage a bakinsa sai "to". Yunwa, to. Ciwo, to. In na karanta masa Ƙur'ani, to. Kullum da shida ina ba shi ƙwayar, ban sake tsallakewa ba, a lokacin da ba ta da sauran abin da za ta tsare. Kuna yaba mini, kuna cewa ba a taɓa ganin mace mai haƙurin Mama ba, mutanen masallaci suna kawo matansu su ga misali. Kowane yabo kamar a ɗora mini dutse ne a ƙirji.

Sau ɗaya na gaya masa. Wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa, na faɗa masa duka, har da gwangwanin, har da lambar ƙarya, har da Yaya Larai. Ya daɗe yana kallon silin. Hawaye ya gangaro ta idon hagu. Ya ce, "To." Ban sani ba ko yafiya ce, ko tsinuwa, ko kuwa ita ce kawai kalmar da yake da ita. Na yi shekara bakwai ina juya wannan "to" ɗin, ban gano ba.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu na je Kano. Na yi kwana goma ina zagaye unguwarsu kafin na iya shiga gidan Gwaggonku. Na same ta ta rame, tana zaune a tabarma tana tsince wake. Ta karɓe ni kamar jiya muka rabu, ta tambayi Ummi, ta tambayi Sadiq, ta tambayi jikan da ba a taɓa turo mata hotonsa ba. Na durƙusa na fara magana, ban kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Na sani, Hadiza. Ranar Talata ina neman ganyen shayi na buɗe gwangwanin. Na ga ƙwayoyi a naɗe. Na ɗauka likita ne ya ce a ajiye su, ni da ban san kan abin ba. Sai a asibiti, da na ga fuskarki, na gane."

"Yaya, me ya sa ba ki faɗa ba? Yarinyar nan ta ci mutuncinki a gaban mutane."

"In faɗa in samu me? Yaran sun rasa uba a ranar. In na buɗe baki sun rasa uwa. Ni gwaggo ce, ina nesa, in sun tsane ni ba abin da zai ragu a tukunyarsu. Ke kuwa ke za ki wanke shi, ke za ki juya shi." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da an bar ni na shiga na ga ƙanena Habu kafin in tafi."

Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe tun a jirgi. Na yi mata alkawarin zan gaya muku da zarar na dawo. Ta ce in na ga zan iya. Na dawo, Ummi kika tare ni a filin jirgi da yaro a hannu, kina murna, kika ce kin yi kewata. Na ce bari a kwana biyu. Irin goben nan ce dai ta kicin, ban canza ba. Shekara huɗu ina cewa gobe.

Bara da azumi Gwaggonku ta rasu. Da na gaya miki a waya, Ummi, kika ce Allah ya jiƙan musulmi, kika koma zancen makarantar yara. Kai Sadiq ka ce ba ka da lambar 'ya'yanta. Ba wanda ya yi musu ta'aziyya a cikinku, kuma ba laifinku ba ne, abin da na bar ku da shi kuka riƙe. Ta mutu 'ya'yan ƙaninta da ta goya suna ɗaukar ta a matsayin wadda ta kashe shi, ni kuwa ina nan Woolwich ana gaishe ni da Hajiya mai haƙuri.

Ban sani ba ko da na ba shi ƙwayoyin nan shida da yana raye. Likitoci sun ce masu irin injinsa wani lokaci abin yakan same su ko da an kiyaye kome. Na daɗe ina laɓewa a bayan wannan maganar, amma ba ta rufe ni. Na ga lambar da idona, na rubuta wata.

Ba na roƙon ku ku yafe mini, ban ga ta inda zan fara ba. In kun daina zuwa, na fahimta. Abin da nake roƙo shi ne wannan. Gwaggonku ta bar 'ya'ya uku, babbarsu Asabe tana nan a gidan da uwarta ta rasu. Ku je da ƙafarku, ba ta waya ba. Ku zauna a tsakar gidan, ku faɗa da bakinku, yadda maƙwabta za su ji, cewa Larai ba ta yi wa ƙaninta kome ba sai alheri. In sun tambaye ku wa ya yi, kada ku rufa mini asiri. An rufa mini sau ɗaya, kun ga wadda ta biya.